Ƙofar da Ke Magana da Muryar Lantana

Tun zuwan sabuwar doka, ƙofar kan iyaka ta daina duba fasfo. Binciken da masana suka fi ambata take bi. Kan 'yan ci-rani kuwa, babu kamar na Farfesa Lantana.

Ranar Talata Lantana ta raka Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanta, wadda za ta ƙetara jinyar ɗanta. Ƙofar ta auna launin fatar tsohuwar, ta ƙi buɗewa, ta ce da muryar Lantana, "Irinku ba sa dawowa."

"Gwaggo, don a tausaya muku na rubuta," in ji Lantana.

Tabawa ta fizge hannunta. "Muka ba ki labarinmu, kika kai musu suka yi kwaɗon kulle ƙofa da shi. Ke ai ta buɗe miki. Wuce."