Muryar Auta

Wata biyu da rasuwar Auta, uwarta ta ce ta fara mance sautin dariyarta. Yarinyar ba ta taɓa yarda a ɗauke ta a waya ba.

Uban yarinyar, lauya, ya jawo kwamfutar Auta. "Kwantar da hankalinki. Wasan kwamfutar nan nata yana da manhajar kama masu maguɗi. Na karanta yarjejeniyar kamfanin wasan, har murya suke naɗa."

"Za su ba mu?"

"Mutanen nan ba sa goge komai, sai dai su ce sun goge. Ƙarya ce sana'arsu."

Ya rubuta wa kamfanin. Bai kawo doka ko ɗaya ba, roƙo ya yi.

Amsa ta same shi a ofis. Sun yi ta'aziyya. Sun ce dā akwai muryar Auta ta awa ɗari biyu, amma bara suka goge duka bisa buƙatar mahaifinta. Suka haɗo da wasiƙar: shafi uku, barazanar kotu, da sa hannunsa.

Waya ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Abban Auta, sun amsa?"

Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Sun amsa. Ashe masu cika alkawari ne."