Kajin Malama Tahira

Yau ma da Tahira ta dawo daga firamaren da take koyarwa, sai da ta kwashe matattun 'yan tsaki a kwando kafin ta cire hijabi. Sauran sun takure a lungu, fukafukai a sake, farin kashi ya manne musu a baya.

Ba sakaci ta yi ba, wannan kam ko maƙiyinta ya shaida. Ciwon na shigowa ta hau mota zuwa Ɗambatta, likitan dabbobi ya ba ta wani farin gari, ya ce ta riƙa cuɗa shi da dusarsu. Tsaminsa shi ne maganin, in ji shi, ƙwayoyin cutar ba sa jure masa. Maƙwabcinta Badaru ma a wurin likitan nan ya sayo nasa, ga kajinsa nan har sun fara tsallako katanga suna tone mata yakuwa.

Nata kuwa sai mutuwa suke yi. Kullum da safe takan cuɗa dusar, tsamin ya bugi hancinta, ta bar wa mahaifiyarta Inna Rahmatu ta zuba musu in hantsi ya yi. Da yamma in ta shinshina ragowar, sai ta ji lami. Ta ce garin jabu ne, ta canjo wani. Ta ƙara yawansa. Ta wanke mazubai, ta sauya rijiya, har rubutu ta karɓo ta zuba musu a ruwa. Abin ya fi ƙarfinta, ga shi kiwon nan ta daɗe tana cin burinsa.

Ranar da ragowar 'yan tsakin suka fara layi, ta zauna a ƙofar ɗakin kajin tana hawaye. Inna ta dogaro sandarta, ta zauna kusa da ita.

"Inna, na gaji. Babu abin da ban yi ba."

"Na shaida, 'yar nan. Haƙuri za ki yi, kwanansu ne ya ƙare." Tsohuwar ta share mata fuska da gefen zaninta. "Ni ma Allah ya gani na yi iya ƙoƙarina. Ban faɗa miki ba don kada ranki ya ɓaci, amma dusar nan lalatacciya ake sayar miki, duk ta yi tsami. Kullum kina fita sai na jiƙa kanwa na yayyafa mata, ta kashe tsamin, kafin na ba su."