Atari a Ƙarƙashin Gado

Da ɗansa ya zo umra ya gano ɗakinsa a unguwar Bab Makka, tsohon bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado.

Atari ce, na'urar wasan talabijin, sabuwa fil da sandunan sarrafa ta guda biyu. A hajjin 1983 ya saye ta, tsarabar ɗan nasa, lokacin yana shekara goma. Ya tsaya neman aiki, iƙama, takardar izinin zama, ta ƙi samuwa, kunyar komawa da ita kaɗai ta riƙe shi shekara ashirin da tara.

"Ɗaya taka, ɗaya tawa," in ji tsohon, yana nuna sandunan.

Ɗan ya shafa gemunsa da furfura ta fara ci, ya dubi agogo.

"An riga an yi mana awon kaya, Alhaji. Ka ajiye abarka."