Lotsawar Tankin Babur

Aminiyata Lantana, tun da kin ce duk abin da kika yi wa tsohuwarki sai kin ga kamar kin yi kuskure, matso in ba ki wani misali, ko Allah zai sa hankalinki ya kwanta.

An yi wani tela da matarsa, suna zaune gida ɗaya da mahaifinsa. Tsohon nan a zamaninsa mai yi wa shanu allura ne, babu rugar da babur ɗinsa bai taka ba. Da girma ya zo, idanu suka tafi, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya, sai ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Sallar Juma'a da ba ta taɓa wuce shi ba ya daina fita, abinci kuwa sai dai ya taɓa ya ture. Telan ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya tuna da babur ɗin, yana can jingine bayan rumbu shekara da shekaru, tsatsa ta cinye shi, kaza har ta yi kwanci a ƙarƙashinsa. Ya ce in dai Baba ya ji ƙugin wannan babur, zai fito.

Matar telan ita ta san wahalar aikin. Farantanta na tuwo suka koma na jiƙa notuna a kananzir, tsohon zanenta ya zama tsumman goge baƙin mai, in ta yi shara sai ta tankaɗe ƙurar don kada wani ɗan ƙarfe ya bi bola. Ba ta yi ƙorafi ba, illa takan tsokane shi da cewa in ya gama ita ma ya duba ta, ko akwai notin da ya kwance. Wata huɗu ana abu ɗaya. Aka sa sabuwar sarƙa da tayoyi, tankin kuma da yake yana da wata lotsawa a gefe, telan ya kai wa mai gyaran jikin mota, aka buge ta ta miƙe sumul, aka fesa jan fenti.

Ranar da babur ya tashi, hayaƙi ya cika tsakar gida, sai ga tsoho ya fito yana dafa bango. Ya shafa kujera, ya shafa fitila, ya ɗora tafin hannu a kan tanki ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, babur ya yi kyau, amma ba nasa ba ne. Ya koma ɗaki.

Washegari da ta kai masa kunu, matar ta danne kunyar suruki, ta durƙusa ta tambaye shi me ya rasa a jikin babur ɗin. Ya ce ranar da aka haifi mijinta yana can wata ruga, aka aiko masa da albishir, garin sauri ya ratsa cikin garke, wata saniya ta tunkuyi tankin. Da ya iso gida marigayiyar ta yi ta dariya, ta ce kada ya kuskura ya gyara, shaidar ɗansu ce. Shekara arba'in, kullum zai hau sai ya sa hannu a wurin ya yi bismillah.

Ta je ta kwashe labarin ta gaya wa telan. Can ya ɗauko guduma, ya ɗaga sau uku, ya kasa saukewa a kan fentin da ya sha wa wahala. Matar ta ce ya matsa. Ta naɗe bakin tabarya da tsumma, da yake su duka sun manta gefen da lotsawar take, ta zaɓi wanda zuciyarta ta ba ta, ta ambaci sunan Allah, ta sauke sau ɗaya. Mijin har da runtse ido kamar shi aka daka.

Ranar Juma'a da hantsi ya roƙi mahaifinsa ya sake taɓa babur ɗin. Hannun tsohon ya bi tankin, ya faɗa cikin lotsawar, ya tsaya nan. Sai ya ce a miƙo masa babbar riga da hula. Yayin da ɗan yake tura babur ta zaure, tsohon ya juyo inda yake jin numfashin surukarsa, ya rage murya.

“'Yar nan, na ji ƙarar tabarya a inda babu turmi. Saniyar nan ta dama ta tunkuya, ba ta hagu ba, kuma ba ta kai ki ƙarfi ba. Allah ya yi miki albarka.”

Ya fita ya hau bayan ɗansa, ya riƙe shi gam, suka tafi masallaci.

Kin ga dai bugun bai faɗa daidai ba, amma ya karɓa, don ya san hannun da ya yi shi. Shi ya sa Hausawa suka ce so hana ganin laifi. Sai dai don Allah, Lantana, ki bar maganar nan tsakaninmu, kada ki faɗa wa kowa. Har yau telan yana nan yana ganin sun dace da gefen.