Wanda Ke Kashe Famfo Na Uku

Famfo na uku ya sake mutuwa da ƙarfe tara da 'yan mintoci, Kamilu ko gama gyara zama bai yi ba. Ya ɗago kai daga kwamfutarsa ta hannu ya dubi allon babbar kwamfutar ofis: alamun famfuna uku kore, ɗaya ja. Sau biyar ke nan a mako guda.

Aikin ba abin tayar da hankali ba ne ga wanda ya karanta shi. Ƙungiyar manoman albasa ta wajen Kajiji tana da famfuna huɗu, kowanne da akwatin da ke kunna shi da kashe shi. Aka ɗauko Kamilu daga Bodinga ya ja waya ya haɗa akwatunan da kwamfutar ofis, don a riƙa ba gona ruwa daga zaune. Kowace na'ura a layin da lambar da ake kiranta da ita, kuma biyu ba sa tarayya a lamba ɗaya. Ya raba musu sha ɗaya zuwa sha huɗu. Akwati na uku ma makara ya yi a hanya, sai ya sa kwamfutarsa a madadinsa ya gwada wayar kafin akwatin ya iso. Ya kuma tsara cewa duk akwatin da ya daina jin ofis ya tsayar da famfonsa, kada ruwa ya ci shuka ba a sani ba.

Ranar Alhamis injiniyoyi za su zo daga Sakkwato karɓar aiki. Wannan ne na farko da aka damƙa masa shi kaɗai. In suka tarar da jan nan, daga Bodinga har Shagari ba mai sake ba shi ko ɗaurin ƙwan lantarki.

Ya sauya waya, ya sauya kan waya, ya hure ƙura, a banza. Sai ya daina zargin ƙarfe, ya koma zargin mutum.

Mutumin kuwa ba sai an nema ba. Baba Zubairu ya yi shekara ashirin yana tayar da famfunan nan da hannunsa, kuma kowa ya san in aikin Kamilu ya zauna, nasa ya ƙare. Duk ranar da allo ya yi ja, Kamilu ya figi babur zuwa famfo na uku, sai ya tarar tsohon ya riga shi, yana haki, an murɗa makunnin akwati daga na ofis zuwa na hannu. Ranar Juma'a kuwa da Kamilu bai zo ba, ko tari famfon bai yi ba. To me ya rage? Sai yana nan ake yi, don a tsinka shi a gaban mutane.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ranar Talata ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Badaru, aka kira tsohon.

"Baba, mi ka kai ka wurin akwatin ga kullum?" in ji Alhaji Badaru.

"Ranka shi daɗe, in na ji injin ya yi shiru, ai dole in tahi."

"Ko kuwa sai ka tahi yaka yin shiru?" Kamilu ya jefa masa.

Baba Zubairu ya dube shi. Da aka ce ya ba da makullin akwatin zuwa bayan Alhamis, ya kwance shi daga igiyar wandonsa ya ajiye a tebur. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ku dai riƙa leƙa shukar yamma, ƙasatta ba ta riƙon ruwa." Ya hau kekensa ya nufi gida Mandera.

Laraba Kamilu ya iso da fara'a, makulli a aljihu. Ya jona kwamfutarsa, ya buɗe. Kafin ya gama bismilla, famfo na uku ya yi ja.

Ya bar komai a buɗe ya ruga can. Ba kowa, ba sawun keke. Akwati a kulle, makunni yana inda ya bar shi. Abin da bai taɓa gani ba shi ne magudanar a bushe. Sauran ranakun duka da ruwa yana gudu yake tarar da ita. Bai tsaya tunani a kai ba, zuciya ta riga ta ɗebe shi.

Ya dawo ofis ya tambayi babbar kwamfuta wace na'ura ce ke amsa kiran sha uku, lambar akwati na uku. Ta fito masa da doguwar shaidar da kamfani ke buga wa kowace na'ura a jikinta, wadda ba ta canzawa. Ba ta akwati na uku ba ce. Daɗi ya kama shi: ashe wata baƙuwar na'ura aka dasa a layin tana ƙwace lambar. Lallai tsohon nan ya fi yadda ake ganinsa.

Ya rubuta shaidar a tafin hannunsa ya shiga farauta. Ya buɗe akwatuna huɗu, ya bi waya taku-taku cikin rana, ya leƙa silin, ya tone inda ƙasa ta yi sabon launi. Har la'asar bai sami komai ba. A hanyar dawowa ya ga ganyen albasar yamma ya kwanta, ya kau da kai.

A gajiye ya rufe kwamfutarsa ya zare wayarta. Bai kai ga miƙewa ba na uku ya koma kore, daga nesa ya jiyo injin ya tashi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan a hankali ya kifa kwamfutar a kan tebur.

Shaidar da ke liƙe a ƙasanta ita ce a rubuce a tafin hannunsa. Tun ranar gwajin waya bai cire mata lambar sha uku ba.