Ranar Awon Duna

Tun da aka kafa dokar haɗa duk mai ciwon suga da kare mai irin ciwonsa, Iya Tabawa ba ta zuwa asibiti sai da Duna. Wai jikin kare kan riga na mutum nuna alama, don haka shi ake fara aunawa, sannan a yi musu allura tare.

A da, in kare ya lashi ƙwaryarta sai ta wanke sau bakwai. Yanzu shekara shida ke nan suna cin tuwon dawa ɗaya, idanunsu duka sun soma gani dishi-dishi.

Ran Talata ma'aikaciyar ta duba abin wuyan Duna, ta ce, "Iya, awonsa ya faɗi. Ki bar shi nan, a ba ki sabo."

"Sabo, sai ka ce buta? 'Yar nan, karnukan farautar mahaifina a gindin tsamiya suke tsufa har su mutu, ba wanda ya taɓa auna su."

"Doka ce, Iya. In kin tafi da shi, ba allurarki."

Tabawa ta dubi ƙofar baya, inda ake shiga da karnukan da aka mayar. An ce sun fi ɗari a ciki. Ta kasa kunne, ko haushi ɗaya ba ta ji ba.

Sai ta naɗe igiyar a hannunta. "Tashi, tsoho, mu tafi gida. Bi a hankali, ni ma ba sauri nake ba."