Injin Da Ba Ya Ƙara

"Tada ta," in ji Baba. Ya sunkuya kan injin, ya goya hannuwansa a baya, ya rufe ido.

Shekara arba'in ya yi a gareji yana duba mota haka, da kunne kawai. Shi ya sa 'yarsa Auta ta ɗauko shi daga gida. Wannan 'yar ƙaramar motar ita ce ta farko da za ta saya, kuma ba ta yarda da daɗin bakin dillali ba.

Dillalin dai sai zuba yake yi: silinda uku ce, ba ta shan mai, ba ta zafi a cunkoso, ba ta ma san hanyar gareji ba. Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya, sai dillalin ya yi tsit.

Tsohon ya karkata kai dama, ya karkata hagu, sannan ya miƙe yana murmushi.

"Auta, saye ta. Na daɗe ban ji inji mai tafiya sumul haka ba. Ko ƙis babu."

Auta ta kalli makullin motar da ke hannun dillali. Dillali ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe.

Ta zaunar da mahaifinta a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel.

"Ina kuma za mu?"

"Gwaji, Baba," ta ce, dab da kunnensa.

Sai a lokacin ta karɓi makullin daga hannun dillali, ta tada motar a karon farko, ta nufi asibitin kunne.